'Yardada Mai Dambu da Littattafan Ƙanwarta

A wani lungu da ke bayan Ƙofar Wambai akwai gidan da ake jin ƙarar turmi daga hantsi har azahar. Mai dakan sunanta 'Yardada, sana'arta dambun nama, shekarunta arba'in da biyu. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, tana da tabon wuƙa da ya taso daga ƙasan kunnenta na hagu ya sauka har haɓa. Baƙi kan kawar da kai idan sun gan shi, ita kuwa ba ta rufe shi da mayafi. Na san ta ne ta dalilin ƙanwarta Safiya, wadda muka koyar tare a wata makarantar 'yan mata kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, ni ina koyar da Turanci, ita tana koyar da adabi.

Mahaifinsu, Malam Ɗantani, mahauci ne. Su biyu kaɗai Allah ya bar masa, kuma mahaifiyarsu ta rasu Safiya tana aji biyu na firamare. A wannan shekarar 'Yardada ta bar makaranta ta karɓi girkin gida. Da yake babu ɗa namiji a gidan, ita Baba ya koya wa yadda ake raba nama da ƙashi, da yadda ake riƙe wuƙa ba ta zame ba. Tun tana yarinya faɗa ba ya yi mata wuya. Ta taɓa tura kan wani saurayi cikin kwata saboda ya fizge wa Safiya jakar makaranta, ta kuma riƙe shi a ciki har sai da manya suka ɓamɓare ta. Ta yi aure tana da shekara ashirin, auren bai cika wata takwas ba. Mijin ya mare ta a kan tuwo ya yi ruwa, ta ɗauki murfin tukunya ta cire masa haƙori biyu, ta tattara kayanta ta dawo gida kafin takardar saki ta biyo ta.

Safiya ba haka take ba. Siririya ce mai sanyin murya, kuma tun da ta shiga jami'a ta kamu da son tsofaffin littattafan Turawan Ingila, na labarai da na waƙoƙi. Kuɗin da 'Yardada ke ba ta na abinci, rabinsu wajen masu sayar da tsofaffin littattafai suke ƙarewa. Da yamma sai ta shimfiɗa tabarma kusa da turmi, yayarta tana daka nama, ita tana ba ta labarin abin da ta karanta da Hausa. Na sha zuwa in tarar da su a haka. Labaran 'yan mata ne da ba su da gado, suna zaune a gidajen iyayensu suna jiran wanda zai nemi aurensu, da mawaƙan da ke rantsuwa za su mutu idan mace ta juya musu baya. Waɗanda Safiya ta fi so su ne na maza masu baƙar zuciya da zafin rai, waɗanda kowa ke tsoro, har sai an samu wata mace mai haƙuri da ta gano raunin da ke cikinsu ta warkar da shi.

'Yardada tana sauraro, amma ba ta yarda ba. Takan ce ita dai namijin da ya ɗaure fuska yana yi wa mutane tsawa, ba rauni ne da shi ba, rashin tarbiyya ne. Safiya ta yi dariya ta ce Yaya ba ta san zuciyar ɗan Adam ba, naman saniya kawai ta sani.

Umair yana da rumfar jakunkuna da takalman fata a Kasuwar Kurmi, ya gaje ta wurin mahaifinsa. Ya yi karatu har difloma, yana da tsabta, ba shi da yawan magana, kuma bai cika yin murmushi ba. Safiya ta je sayen jaka suka haɗu. Cikin wata biyu ya fara zuwa zance, yana kawo mata littattafai a naɗe cikin fata mai laushi da ya ɗinka da hannunsa. Ta gaya mini cewa tun da mahaifiyarsa ta rasu bai sake sakin jiki da kowa ba sai ita.

Wata ranar Laraba ya zo ɗaukarta daga makaranta, ya tarar da ita a bakin get tana ciniki da mai Adaidaita, mutumin ya faɗi wani abu ta yi dariya. Umair ya zare bel ɗinsa ya finciko direban daga kujera, ya dinga zuba masa ta wajen ƙarfen. Ina tsaye a wurin. Na ga yadda goshin mutumin ya tsage, jini ya rufe masa ido, yana rarrafe yana neman shiga ƙarƙashin babur ɗinsa, Umair yana binsa da duka. Sai da maigadi da mutum uku suka riƙe shi. Ɗalibai suna kuka. Amma washegari a ɗakin malamai Safiya ta ce mini bai taɓa son wani abu a duniya ba kamar yadda yake son ta, shi ya sa ya kasa riƙe kansa.

Da labarin ya kai gida, 'Yardada ta ce auren nan ba da ita ba. Ta gaya wa Baba cewa hannun da ya yi wa baƙo haka a kan titi, ba zai ji nauyin matar da ke ɗakinsa ba. Safiya ta ƙi cin abinci kwana uku. Baba mutum ne da bai iya ganin hawayenta ba, ya ce tunda ita ta gani ta ce tana so, ba zai hana ba. Aka ɗaura aure a farkon 2014. 'Yardada ce ta yi dambun biki, ita ta jera kayan ɗaki, amma ba ta yi wa ango magana ba ko sau ɗaya.

Gidan da suka kama yana wani lungu kusa da makarantarmu. Wata biyar da auren Safiya ta fara zuwa aiki da niƙabi, ta ce ƙurar alli ce ke damunta. Wata rana tana alwala na ga gefen idonta ya yi baƙi. Ta ce ƙofa ce. Daga baya ta gaya mini gaskiya. Ya zo ya tsaya a bayan tagar aji tana karanta wa 'yan aji shida wata waƙar soyayya da ke cikin manhajar jarrabawa. Da ta koma gida ya ce yadda muryarta ta yi laushi, lallai akwai wanda take tunawa. Ya sa ta sake karanta waƙar a gabansa, kowane layi ta kai ƙarshensa ya mare ta. Bayan ya gama ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka, ya kawo ruwan ɗumi ya gasa mata fuska da kansa. Ta roƙe ni kada in gaya wa Yaya, ni kuma na yi shiru. Har yau ina tambayar kaina a kan wannan shirun.

Abin ya fito fili ne lokacin da take da ciki wata huɗu. Ya harbe ta da ƙafa a mara saboda ta daɗe a wurin taron malamai, cikin ya zube. Daga asibiti Baba ya wuce da ita gida. 'Yardada ta yi mata wanka, ta ga abin da ke bayanta da cinyoyinta, sabo a kan tsoho. Ba ta yi mata tambaya ba. Ta ba ta kunu, ta jira ta yi barci, ta yafa mayafi ta ɗauki taɓarya ta nufi Kurmi da ƙafa.

Ƙarfe sha ɗaya na safe ne, kasuwa ta cika. Ta same shi a zaune yana yankan fata. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, sannu da zuwa." Ta ɗaga taɓaryar ta sauke, ya tare da hannun dama, waɗanda ke rumfunan kusa suka ce sun ji ƙarar ƙashin. Ta ƙara masa a kafaɗa, ya faɗi cikin takalma, ta taka masa wuya tana neman ta ba shi na uku a ka, dukawa huɗu, abokan sana'arsa ta fata, suka rataya a hannunta. Ta kwana biyu a ofishin 'yan sanda kafin dattawan kasuwa da mai unguwa su kashe maganar.

Ta dawo gida tana zaton ta yi abin kirki. Ta tarar Safiya ta haɗa jakarta.

"Kin tozarta shi a gaban mutane, Yaya," in ji Safiya. "Yanzu wa zai ba shi abinci a baki? Ba shi da kowa."

'Yardada ta ce, "Idan kika fita daga gidan nan, a makara za a dawo mini da ke."

Safiya ta fita. Wata goma sha ɗaya ba su yi magana ba. Sai da ta haifi 'yarta Ikram a 2016 'Yardada ta je suna, ta ɗauki jaririyar, suka gaisa sama-sama. Daga nan Safiya ta riƙa kawo yarinyar gida ran Asabar. Ba ta ƙara ba da labarin littafi a bakin turmi ba, 'Yardada kuma ba ta nema ba.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, bayan la'asar, cikin damina ta 2017. An kawo mana sabon malami matashi da zai taimaka wa Safiya, ya kwafi wata waƙa da hannunsa a takarda don a buga wa ɗalibai, ta saka a jakarta. Umair ya bincika jakar ya ga rubutun namiji. Maƙwabciyarsu Hassana ta ji ihu, ta buga ƙofa ta tarar an sa sakata, ta kira 'Yardada a waya. Mazan lungun suna tsaye a waje suna shawarar ko ya dace a shiga tsakanin miji da mata.

'Yardada ta sauko daga babur ba takalmi. Ta ɗauki wani dutse da ake zama a kai a ƙofar gidan ta dinga dukan ƙyauren har sakatar ta fita. A tsakar gida Safiya tana kwance a gefen rijiya, zanenta ya jiƙe da jini, Ikram tana zaune a bakin ɗaki tana tsala kuka. Umair yana tsaye da wuƙar yankan fata a hannun hagu, domin na dama bai koma daidai ba tun karayar. Ya juyo ya kawo wa 'Yardada sara, wuƙar ta bi gefen fuskarta. Ta ce ba ta ji zafi ba, ɗumi kawai ta ji yana gangarowa wuyanta. Ta cafke masa tsintsiyar hannu ta murɗe har wuƙar ta faɗi, ta kama ƙeyarsa ta buga fuskarsa a bango sau uku, ta kayar da shi ta danne ƙirjinsa da gwiwa. Ta ɗauki wuƙar ta ɗora masa a maƙogwaro. Hassana ta ce ta ga yadda ta gyara riƙon, irin na wanda ya saba, ta rufe idonta don kada ta ga saura.

Safiya ce ta yi magana daga inda take, da ƙyar ake jin ta. Ba roƙo ta yi masa ba. Cewa ta yi, "Yaya, ɗauke ni. Sanyi nake ji."

'Yardada ta jefa wuƙar cikin rijiya, ta ɗauki ƙanwarta a kafaɗa ta fito da ita titi. Sai a lokacin mazan suka shiga suka ɗaure Umair. Safiya ta kai asibiti da rai, an ƙara mata jini leda uku, ta rasu da hantsin Asabar. An yi wa 'Yardada ɗinki goma sha bakwai a fuska, da bandejin ta zauna aka yi zaman makoki. An shekara biyu ana shari'a, aka yanke wa Umair hukunci, yana gidan yari har yanzu. Malam Ɗantani bai ga ƙarshen shari'ar ba. Tun ranar jana'iza ya daina fita kasuwa, ya rasu kafin shekara ta zagayo.

Da aka kwaso kayan Safiya, littattafanta sun cika buhu biyu, wasu a yage, wasu an liƙe su da gam. 'Yardada ta zube su a tsakar gida ta kawo kananzir, domin a ganinta su suka kai ƙanwarta ga mutumin nan. Ta ɗauki ɗaya za ta yaga ta kunna wuta da shi, sai ta ga rubutun Safiya da jan biro a gefen shafi. Ta buɗe wani, shi ma haka. Kusan kowane littafi akwai rubutun, wani da kwanan wata, kusan duk da Turanci. Ta mayar da su cikin buhu.

Bayan sati biyu ta zo gidana da littafi ɗaya a leda. Na ce ta kawo in karanta mata, ta ƙi. Ta ce ba ta son ta ji maganar Safiya daga bakin kowa, in koya mata ta karanta da kanta. Na ce abin zai ɗauki shekaru. Ta ce ba inda za ta.

Muka fara da littafin 'yan aji uku na firamare, kowace Asabar da Lahadi da safe. Ba ta da haƙurin ɗaliba. Ta taɓa jifan bango da ƙamus saboda kalma ɗaya tana da ma'ana biyar, ta kuma taɓa karya biro a hannunta ba ta sani ba. Amma ba ta fashi. Tana tsare kaskon suya da littafi a ɗaya hannun, shafukan duk sun yi mai. Ta ƙi duba rubutun Safiya har sai da ta ga za ta iya gane shi ba tare da ni ba, wato bayan shekara uku da wani abu.

Abin da ta fara ganowa ya ba ta haushi. Ashe ba duka littattafan ne ke ƙarewa da mugu ya shiryu ba. Akwai waɗanda matan suka tsere, akwai waɗanda aure ya cinye su a tsaye, akwai inda marubucin ya fito ƙarara ya nuna cewa dokar zamaninsu ta mayar da matar aure kamar kayan ɗakin mijinta. Safiya ta karanta duk waɗannan, ta ja layi a ƙarƙashinsu, ta koyar da su a aji, amma ba ta taɓa kawo su bakin turmi ba. 'Yardada ta ce mini, wato ta sani. Na ce ta sani a littafi.

Rubutun gefen shafi na shekarun jami'a duk na karatu ne. Na bayan aure kuwa ya canja, ya koma gajeru, kamar mai magana da kanta. A wani wuri ta rubuta cewa ya yi wata guda bai taɓa ta ba, ta gode wa Allah. A wani ta rubuta cewa matar da ke cikin labarin ta yi sa'a, domin marubuci ne ke riƙe da hannun mijinta. A bangon ƙarshe na wani littafin waƙoƙi akwai jerin abubuwa: takardun makaranta, katin rigakafin Ikram, zannuwa uku, sunan wata lauya da lambarta. Kwanan watan ya nuna saura kwana tara a kashe ta. Tana shirin fitowa ke nan.

Akwai kuma wanda 'Yardada ta karanta a gabana, a ɗakina, tana bin kalmomin da yatsa. Na watannin da ba sa magana ne. Safiya ta rubuta cewa tun da hannunsa ya warke dukan ya ninka, yana yi yana cewa wannan na Kurmi ne, kuma ba za ta iya gaya wa Yaya ba don za ta kashe shi a rataye ta. 'Yardada ta kai ƙarshe ta koma farko ta sake bi. Ta tambaye ni ko ta fahimta daidai, na ce ta fahimta. Ta tashi ta fita tsakar gidana, ta dinga naushin bango har fatar yatsunta ta sale, sannan ta ɗauki mayafinta ta tafi. Wata biyu ban gan ta ba, turmin gidansu ma bai yi ƙara ba. Maƙwabta ne ke kai wa Ikram abinci, domin a hannunta yarinyar take tun rasuwar Safiya.

Da ta dawo ba mu yi maganar ba. Ta ajiye mini dambu a kwano ta buɗe inda muka tsaya. Sau ɗaya kawai, bayan kusan shekara, ta ce mini har yanzu ba ta san abin da ya kamata ta yi ranar ba, domin da ta zauna ba ta je Kurmi ba, da ba za ta iya kallon kanta ba. Na ce ni da na yi shiru ma ban tsira ba.

Hannunta bai mutu ba. Bara wani mai gyaran waya a lungunsu ya kulle matarsa Firdausi yana duka, 'Yardada ta shiga ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, ta zauna a kansa har matar ta fita. Amma wannan karon ba ta tsaya nan ba. Ta ajiye Firdausi a ɗakinta wata huɗu, ta raka ta kotu zama bakwai, duk ranar zama ba ta yin suya, har aka raba auren. Mutumin ya bar unguwar. Wasu dattawan lungun ba sa amsa gaisuwarta tun daga lokacin, suna cewa tana kashe wa mutane aure.

Ikram tana aji huɗu yanzu, tana kiran ta Umma. Ta san mahaifiyarta ta rasu, ta san mahaifinta yana tsare, ba ta kai ga haɗa biyun ba tukuna, kuma 'Yardada ta ce ranar da ta tambaya za ta gaya mata komai ba ragi. Littattafan suna cikin wata durowa mai gilashi a ɗakinta, ta karanta goma sha huɗu daga ciki, ta ce biyu ne kawai suka burge ta.

Akwai wani tela, Malam Isyaku, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu. Shekara biyu ke nan yana neman aurenta. Yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a zaure, ta aika masa da ruwa da dambu, wani lokacin ta fito su yi hira, wani lokacin ta ce tana aiki. Ta bincike shi a wurin maƙwabtansa da dangin marigayiyar da yaran shagonsa, har wurin mai shayin da ke kusa da shi ta je, ba ta samu wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ta ce masa ya bari Ikram ta gama firamare. Ya ce zai jira.